Ihun Baƙar Kunama

Akwai wani ɗan kokawa a garinmu Puebla ta ƙasar Meziko da ake wa laƙabi da Baƙar Kunama. Shekara ashirin da biyu yana shiga fage da takunkumin rufe fuska, babu mai sanin fuskarsa sai matarsa Chayo da 'yan gidansa da amininsa guda. Ni ma na sani, amma ni daban ne, a zamanina da tari kawai nake kayar da ƙato.

Abin da ya ɗaukaka Kunama ba ƙarfi ba ne, ihu ne. In aka murɗe masa hannu da wasa, sai ya kurma ihun da tsofaffin mata za su yi ta jifan abokin karawarsa da ɓawon lemo.

To, sai kafaɗarsa ta hagu ta fara ciwon gaske. Chayo ta tasa shi gaba har wurin likitar gashin ƙashi, wata mai suna Itzel. Da takunkuminsa ya shiga.

"Ɗaga hannun nan, Don Kunama," in ji ta. Don a wurinmu kamar a ce Malam ne.

Ya ɗaga rabi, gumi ya keto masa.

"Jijiyar ta fara tsintsinkewa kamar tsohuwar igiya," in ji ta. "Sati takwas ba kokawa. Ka riƙa zuwa ina gasa maka, ina nuna maka motsin da zai ƙarfafa ta."

"Sati takwas? 'Yata, Lahadi biyu masu zuwa na sa takunkumina a caca. Abokin karawata Gatari ya sa gashin kansa."

Kun san dokar. Wanda ya faɗi, a nan take ake aske shi, ko a cire masa takunkumi a faɗi sunansa na yanka, kuma ba ya sake sa shi. Amma an riga an shirya, Gatari ne zai faɗi. Shi ya tsaya wa 'yar Kunama a matsayin uba ranar baftisma a coci, shi ya sa suke kiran juna compadre; amininsa ne, sunansa na yanka Nacho.

"To ko ba ka ji tawa ba," in ji Itzel, "ka gaya wa abokin naka kada ya taɓa hannun hagu."

"In ce wa Nacho na tsufa? Kafin azahar duk kasuwa ta ji."

"Kai dai jaki ne mai takunkumi," in ji Chayo.

Bai gaya masa ba. Bai koma gashi ba. Man zafi ya shafa, ya ɗaure da bandeji a ƙarƙashin riga.

Ranar Lahadi da la'asar fage ya cika maƙil. Aka zo wurin da suka saba: Nacho zai kama hannun hagu ya murɗa ta baya, Kunama ya yi ihu, sannan ya kuɓuce ya ɗaga shi ya buga da ƙasa.

Nacho ya murɗa. Wani abu ya tsinke, ƙas!

Kunama ya yi ihun da bai taɓa yi ba. Jama'a suka miƙe da tafi.

Nacho ya raɗa masa a kunne, "Kai, tsohon banza, yau ka ƙure maleji!" Ya ƙara murɗawa don wasa ya yi armashi.

"Sake ni, Nacho! Da gaske nake!"

Ai kalmomin da yake faɗa ke nan duk Lahadi. Alƙalin wasa ma dariya yake ɓoyewa.

Da aka sake shi don ya yi ɗagawar, hannun ya zube kamar tsumma. Ya faɗi rigingine, Nacho ya faɗo a kansa. Alƙali ya ƙirga a hankali, yana jiran ya motsa. Ɗaya. Biyu. Babu yadda zai yi a gaban mutane. Uku.



Igiyar takunkumi a ƙeya take, hannu biyu take so. Kunama ya kai na dama, ya kasa. Nacho ne ya durƙusa yana kwance masa, yana kuka.

Aka shelanta sunansa: Eusebio Tepox, shekara arba'in da tara.

"Kalma ɗaya fa, compadre," in ji Nacho. "Kalma ɗaya da ka faɗa min."

 Tiyata aka yi wa Eusebio, ya shekara yana gashi wurin Itzel. Har yau Chayo ce ke sa masa riga.

Darasi: Ciwon da ka ɓoye wa abokin wasanka, da hannunsa zai ƙarasa ka ba tare da ya sani ba. In masu gashin ƙashi sun ce ka huta, ka huta, kuma ka buɗe baki ka faɗi inda ke maka ciwo. Ku tura wa duk mai taurin kan da kuka sani.