Doki Takwas Da Injiniya Ya Ƙara

Akwai wani bakanike da kowa ke kira Injiniya. Ba ya taɓa ƙananan babura. Aikinsa manyan babura ne na tsere, irin waɗanda idan aka murɗa totur sai ka ji ƙarar har cikin ƙirjinka.

A bayan garejinsa akwai ɗakin da ya lulluɓe bangonsa da soso saboda ƙara. Nan ya kafa na'urar gwada ƙarfin inji, wadda suke ce wa daino. Ana ɗaure babur da madauri huɗu, tayar baya ta hau wata gangar ƙarfe mai juyawa, a kunna ƙatuwar fanka a gabansa don kada ya yi zafi. Sai a ba shi wuta, kwamfuta ta nuna ƙarfin doki nawa injin ke fitarwa.

Injiniya gwani ne, babu mai musu. Illarsa ita ce ba ya son a ce wani ya fi shi.

Wanda ke tuƙa masa babur a gasa ƙanensa ne, wanda har ya yi aure ana kiransa Auta. Mahaifinsu ya rasu Auta na da shekara shida, Injiniya ne ya raine shi. Mahaifiyarsu ba ta taɓa son tseren nan ba, ta dai haƙura ne tunda yayansa ne ke haɗa injin.

Akwai kuma tsohon da ya koya wa Injiniya aiki, suna ce masa Baba. Hannunsa ya fara rawa, idonsa ya yi rauni, amma kullum yana zuwa ya zauna a benci yana sauraron injuna.

Saura kwana uku babbar gasa, wani gareji ya wallafa hoton babur ɗinsu ya nuna doki ɗari da tamanin da shida. Na Injiniya kuwa ɗari da tamanin cif.

Auta ya yi dariya ya ce, "Yaya, bar su da shidansu. Sauran dawakan suna nan cikin hannuna. Ni dai zan kai madam awo, kada ta ce na fi son babur a kanta."

Yana fita, Injiniya ya zauna gaban kwamfuta. Ya rage man da ke shiga injin idan yana gudu sosai, ya sa wuta ta riƙa tashi da wuri, ya ɗaga iyakar juyin injin. Ya hau ya murɗa. Ɗari da tamanin da huɗu. Ya ƙara taɓawa, ya sake murɗawa. Ɗari da tamanin da takwas.

Kafin taya ta gama tsayawa, Baba ya miƙe.

"Ɗana, kashe shi. Na ji wata ƙara can sama, kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Ciro mini fulogi in gani."

Injiniya ya ciro yana tsaki. Fulogin ya yi fari fat, da wasu ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a bakinsa. Baba ya kai shi kusa da ido.

"Wannan naman fistin ne, ya fara narkewa. Injin na jin ƙishirwa. A nan daƙiƙa goma kake ba shi wuta, da fanka a gabansa. A fili zagaye ashirin zai yi cikin rana."

"Baba, zamanin gyaran inji da kunne ya wuce. Kai da ko lambar da ke kan allon ba ka gani?"

Tsohon ya ce, "Ba na gani. Amma idan ba za ka mayar ba, zan gaya wa yaron, ya san abin da zai hau."

Injiniya ma ya ga alamar. Layin zafi a kwamfuta ya haura inda bai taɓa haurawa ba. Ya rufe wannan shafin, ya ɗauki hoton lambar da wayarsa.

"To na ji, Baba. Gobe da safe zan mayar. Kada ka tayar masa da hankali."

Baba ya yarda, ya tafi gida.

Wataƙila a lokacin da ya faɗa da gaske yake. Amma kafin gari ya waye hoton ya zagaya ko'ina, mutane na ta yabo, wasu na cewa babu na biyunsa. Ya tsaya gaban babur ɗin ya ce a ransa, zagaye ashirin ne kawai, zai jure. Bai mayar da komai ba.

Ranar gasa Auta ne a gaba tun daga zagaye na uku. A zagaye na sha huɗu, a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya, fistin ya fashe. Injin ya cije, baƙin mai ya fantsama kan tayar baya daidai lokacin da zai shiga kwana. Babur ya yi gefe, Auta ya yi gefe, bayansa ya daki shingen ƙarfe.

Hular kwano ta tsare kansa. Lakar bayansa ce ta tsinke. Bayan an yi masa tiyata sau biyu, likita ya kira Injiniya gefe ya ce ƙanensa ba zai sake takawa ba.

Kowa na zuwa yi wa Injiniya jaje, ana cewa ƙaddara ce. Mahaifiyarsu ta dafa kansa ta ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, ka yi iyakar ƙoƙarinka." Auta kuwa kansa yake zargi. Abin ya zo masa da sauri, bai tuna komai ba, don haka ya ɗauka shi ne ya makara wajen taka birki.

"Yaya, ka yafe mini, na lalata maka babur," in ji shi daga kan gadon asibiti.

Injiniya ya fita baranda ya riƙe bango.

Bayan mako guda Baba ya kwance injin da hannunsa mai rawa. Ya ajiye fistin a kan teburin Injiniya, da rami a tsakiyarsa wanda yatsa zai shiga.

"Ni ma ina da laifi, da na yarda da bakinka ban duba ba. Ba zan faɗa wa Auta ba, kai ne za ka faɗa. Amma ka sani yaron nan yana can yana tsine wa kansa."

Daga ranar bai sake zuwa garejin ba.

Wata huɗu Injiniya na ɗauke da maganar. Ya rame, ya daina karɓar aiki. A cikin watannin matar Auta ta haifi ’ya mace, aka ɗora masa ita a cinyar da ba ta jin nauyinta.

Wata rana da hantsi Injiniya ya sami Auta a tsakar gida kan keken guragu, ya durƙusa a gabansa, ya faɗa masa komai. Ƙarar da Baba ya ji, fulogin, layin zafi, da alƙawarin da bai cika ba.

Auta bai yi ihu ba, bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Da ka gaya mini, wataƙila ma da na ce a bar shi haka, na hau. Ka san halina. Amma da ni na zaɓa. Kuma ka bar ni wata huɗu ina ba ka haƙuri."

"Ka yafe mini, Auta."

"Zan yi ƙoƙari. Ban san yaushe ba. Kada ka gaya wa Mama, ba za ta iya ɗauka ba."

Injiniya ya rufe ɗakin dainon. Yanzu faci da canjin mai yake yi wa ƙananan babura. Kullum da safe yana zuwa ya cicciɓi ƙanensa ya kai shi wanka, ya sa masa kaya, ya mayar da shi kan keke. Auta yakan ce, "Na gode," kamar yadda ake faɗa wa baƙo.

Shekara biyu ke nan, har yau bai sake kiransa Yaya ba.

Darasi: Idan ran wani na hannunka, kada ka sayi yabon mutane da shi. Ka saurari wanda ya ga haɗari ko da ka fi shi kayan aiki, kuma kada ka ɓoye wa mutum gaskiyar abin da zai iya cutar da shi, domin akwai ɓarnar da neman gafara ba ya gyarawa. Ku tura wa ’yan uwa, musamman masu sana'ar da mutane ke dogara da ita.