Cigiyar Bushiya

Barira ƙawata, matso nan kusa da ni. Ilu, saki zanen yayarka. Kowa ya yi salla? To, madalla.

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Bushiya ce dai, da 'yar gonarta a bakin hanyar rafi. Gonar ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Gadon ubanta ce, da ita take ciyar da 'ya'yanta huɗu.

Aka gama kaka, rani ya shiga. Ran kasuwa ta tafi sayen gishiri. Ta dawo da la'asar, sai ga wani ƙaton turmi kwance tsakiyar gonar, ya tsage tun daga baki har gindi. Ta tura, bai motsa ba. Ta duba ƙasa, ta ga sawun kofato. Ta bi sawu har ƙofar Gadu, aladen dajin nan mai haure.

Ta ce, "Salamu alaikum, Kawu Gadu. Ko turminka ya ɓata?"

Ya ce, "Turmi? Ni da ke cin saiwa ɗanya, me zan daka?"

"Ai sawunka na gani."

"Hanya ta kowa ce, 'yar ƙaya. Wuce."

Wata kasuwar ta zagayo. Ta dawo, sai ga tsohuwar ganga kusa da turmin, fatar gefe guda ta yage. Ta bi sawu har gindin tsamiyar Bika, babban birin nan.

"Yaya Bika, ko gangarka ta fita yawo?"

Ya ce, "Ni na tuba da kiɗa tun bara. Yanzu ko tafi ba na yi."

Kasuwa ta uku, sai ga randa. Randa ce wadda Ilu zai shige ya ɓuya, ga huji a gindinta. Wannan karon ko sawu ba ta nema ba, wari ya kai ta gidan Kura.

"Gwaggo Kura, ko randarki..."

"Randa? A rafi nake sha. Ke dai matso in ga ko kin yi ƙiba."

Bushiya ta dunƙule, ta mirgino gida.

Ta kai ƙara wurin mai unguwa, Damo. Ya lumshe ido, ya daɗe, har ta zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Kin ga wanda ya jibge da idonki?"

"A'a, ranka ya daɗe. Sawu na gani."

"Sawu ba ya rantsuwa. Abin da ke gonarki naki ne har mai shi ya bayyana. Ki yi haƙuri."

Kun san Damo, ba shi da magani sai haƙuri.

Ta koma ta zauna bakin gona. Turmi, ganga, randa sun cinye filin. Ba wurin sa fartanya. In ruwan fari ya sauka ba ta yi shuka ba, 'ya'yanta za su shekara da yunwa. Ta ce, "Allah, ni ba ƙarfi gare ni ba. Ka nuna mini hanya."

Tana kallon kayan, sai ta lura duk ukun masu rami ne a ciki. To, uban Bushiya da yana raye sana'arsa ke nan, ɗaura amya, wato ɗakin da ake yi wa ƙudan zuma. Ta san aikin tun tana ƙarama. Ta samo kashin shanu ta shafe su. Ta toshe bakunansu da faifai, ta bar 'yar ƙofa. Ta haɗa saiwoyi masu ƙamshi ta turara cikin kowanne.

Kwana bakwai, ƙuda ya shiga turmi. Kwana bakwai kuma, ya shiga ganga. Wasu bakwai, ya cika randa. Kafin bazara ta yi nisa, mai wucewa rafi sai ya ji ƙamshin zuma ya tare shi.

To, a garin nan akwai ƙa'ida. Zuma ta mai amya ce, ba ta mai fili ba. Ko a itacen wa aka ɗaura amya, mai ita ke sha. Malamai kuma sun ce abin tsintuwa ba a cinsa sai an yi cigiya. Bushiya ba ta lashi ko ɗigo ba. Ta je wurin Gauraka, sankiran gari, ya bi unguwa unguwa yana waƙa:

"Cigiya, cigiya, jama'ar gari,
Bushiya ta tsinci amya uku.
Mai abu ya zo da kamannin abinsa,
Zuma ta nuna, tana tsiyaya."

Ku amsa mana. Zuma ta nuna...

Tana tsiyaya.

Gauraka bai rufe baki ba, ƙofar Damo ta cika. Gadu na gaba, yana haki.

Ya ce, "Turmina ne, ranka ya daɗe. Ya tsage daga baki har gindi. Ranar sunan autana ya tsage, kowa ya sani."

Damo ya ce, "Ba kai ne mai cin saiwa ɗanya ba?"

"Haƙora sun tsufa. Na koma daka."

Bika ya ture shi. "Gangar tawa ce. Fatar hagu ta yage, da farcena na yaga ta."

"An ce ka tuba da kiɗa."

"Da kiɗa na tuba, ban tuba da ganga ba."

Kura ta ce, "Randar kuwa ajiya na ba 'yar uwata Bushiya. Ga huji a gindi, kamar idon saniya."

Bushiya ta ce, "Ajiyar da ba sallama, Gwaggo."

Damo ya buɗe ido duka biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Jama'a sun ji. Kowa ya faɗi kamannin abinsa. Mai abu ya bayyana."

Gadu ya ce, "A kawo wuta mu kori ƙuda."

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, gonata cike take da busasshen kara, ga bukkata a gefe. Ba a hura mini wuta. Kowa ya ɗauki amyarsa, ya je gidansa ya ɗebi zumarsa. Da kai aka kawo, da kai za a mayar."

Damo ya ce, "Gaskiya ce. Wanda ya bar tasa har magariba, ta zama ta mai gona."

Ai kuwa suka runtuma. Kowa ya cusa ganye ya toshe 'yar ƙofar ƙuda. Gadu ya ɗora turmi a ka. Ya manta tsagar da ya faɗa da bakinsa. Taki uku, ƙuda ya fito ta nan, ya rufe masa fuska. Bika ya rataya ganga a baya, yagaggen gefen na ƙasa. Ƙuda ya samu wurin zama, shi kuwa ya rasa. Kura ta goya randa. Ƙuda na fita ta huji, tana gudu, tana ihu, amma kwaɗayi ya hana ta yarwa. Nauyi ya danne ƙugunta har ta isa gida.

Da azahar hadari ya haɗo daga gabas. Bushiya da 'ya'yanta suka share gona tas. Ruwa ya sauka, washegari ta yi shuka.

Shi ya sa har yau fuskar Gadu duk ƙulli ce. Shi ya sa mazaunin Bika yake ja. Shi ya sa Kura ke tafiya baya a sauke, kamar har yanzu randar na kanta. Wanda ya jibge wa maƙwabci kayan da ya gaji da su, da kansa zai kwashe, kuma ba yadda ya kawo ba.

Ƙurunƙus kan ɓeran rumbu.

Ilu ya yi barci, a ɗauke masa kai daga turmina. Ke kuma Barira, wannan tsakanina da ke ce. Kin ga tsohuwar katifar da ta kwana uku a bayan katangarmu? Na san sawun. Gobe in Allah ya kai mu zan je in yi sallama. Kafin nan, don Allah kada ki ba kowa tatsuniyar nan, kada a ce da wani nake.