Tuwon Sallah a Fagen Yaƙi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Na rantse ba za ku yarda ba, amma da ni aka yi. Birai da Gafiyoyi sun shekara suna yaƙi a kan gonar gyaɗa. Ranar Sallah, ba da sanin sarakunansu ba, dakaru suka jingine baka.

Biri ya leƙo daga bayan shuri. "Ke Gafiya ɓarauniya, barka da Sallah!"

"Barkanmu dai, mai jan gindi! Yau ba harbi?"

"Sai jibi. Ga tuwo, wa zai kawo miki?"

Na ce ni. A hanya na share shi tas, na miƙa kwano wayam.

Gafiya ta zabura. "Kwano ba komai ranar Sallah? Wannan zagi ne!" Ta ɗana kibiya, Biri ma ya ɗana.

Sai wata tsohuwar Bushiya ta ce, "Ku dakata. Malam ɗan aike, wannan miyar a gemunka fa?"

Nan suka yanke mini hukunci: tuwon rundunonin biyu duk ni zan tuƙa. Kwana bakwai ina tuƙi, suna ci a kwano ɗaya, har suka manta inda suka ajiye kwari da baka.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don kantar muciya a hannuna ba, da kun ce ƙarya nake.