Fingi da Ƙwan Zabuwa

To, ku gyara zama. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru da ita.

A wani gari an yi wata mata mai suna Tabawa, mai kiwon kaji a bayan ɗakinta. Tana da zakara ɗaya mai baki, da matasan kaji biyu, Ja da Fara. Sai kuma wata tsohuwar kaza da ake kira Fingi, don gashinta a hargitse yake tun ranar da aka ƙyanƙyashe ta. Fingi ta yi zamani, ta tara 'ya'ya da jikoki, amma yanzu ta daina ƙwai.

Ana nan sai Hansai, 'yar Tabawa, ta zo gida goyon ciki. Ran nan suna tankaɗe a tsakar gida, sai Tabawa ta nuna Fingi da baki, ta ce wa 'yarta ga kazar farfesunta nan, ranar da Allah ya sauke ta lafiya za a yanka. Fingi tana gindin turmi tana tsince-tsince, ta ji da kunnenta. Zakara ma ya ji. Daga ranar nan kullum ya wuce ta sai ya ce, "Tsohuwa, ina gajiya? Cikin Hansai fa sai girma yake."

Da damina ta kankama, sai wan Tabawa ya aiko mata da zabi uku daga ƙauye, zabo ɗaya da zabi mata biyu. Ya aiko da saƙo cewa a fige musu gashin fiffike, a kife su da kwando kwana bakwai har su san gida. Ya ce zabuwa a daji take ƙwai, kuma ba ta da haƙurin kwanci, don haka in an ga gurbinta a kwashe ƙwan da ludayi, kada a sa hannu, a bar mata biyu don kada ta sake wuri. Sauran a sa wa kaza.

Aka kife zabi. Kaji suka kewaye kwando suna leƙe. Ja ta ce kansu kamar an yi musu aski da tsohuwar aska. Fara ta ce ita zanen jikinsu ne ke sa ta jiri. Zakara ya buɗe ƙirji ya ce in an sake su shi zai koya musu ladabin gidan nan.

Ranar da aka ɗaga kwando, zabo bai ko yi sallama ba, ya bi Zakara da gudu. Suka zaga rumbu sau uku, Zakara ya ƙare a kan katanga yana haki, yana cewa dama iska ya hau sha. Zabi suka cinye tsaba, suka taka kaskon ruwa, suka cika gida da ƙurƙet-ƙurƙet. Kaji suka yi taro suka yanke cewa ba mai ƙara yi musu magana.

Da aka watse, sai Fingi ta lallaɓa wajen babbar zabuwar, ta ce mata sannu da baƙunta. Ta nuna mata inda gero ke zubowa ta ƙarƙashin rumbu. Ta yaba zanenta, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin ado irin wannan ba. Zabuwa ta ji daɗi, baki ya buɗe. Ta faɗi garinsu, ta faɗi danginta, ta faɗi inda take ƙwai a cikin gamba bayan gari. Fingi ta tambaye ta don me ba ta kwanci.

Zabuwa ta ce, "Wa zai zauna kwana ashirin da takwas wuri ɗaya? Namu 'ya'yan ba irin naku ba ne masu fitowa a sati uku."

Fingi ta riƙe maganar nan a ranta. Kashegari ta yi ta kyarkyara a gaban Tabawa, tana tafiya tana waiwaye, har Tabawa ta bi ta zuwa cikin gamba. Ga ƙwai jibge. Tabawa ta koma ta ɗauko ludayi ta kwashe, ta bar biyu.

Lokacin Ja ta fara kwanci, sai aka sa mata ƙwan zabi goma. Ja ta zauna. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku, shiru. Sai ga Fingi ta zo wucewa, ta leƙa akurki, ta ce sannu da fama. Ta tambaye ta yau kwana nawa. Ja ta ce ashirin da ɗaya, Gwaggo. Fingi ta girgiza kai, ta ce ita dai sau goma sha biyu tana kwanci a rayuwarta, ba ta taɓa ganin ƙwanta ya wuce haka ba, amma dai kada a ce ita ta faɗa. Ta wuce abinta. Kafin la'asar Ja ta tashi ta karkaɗe jiki ta tafi kiwo. Ƙwai suka yi sanyi suka lalace. Tabawa ta yi ta faɗa.

Aka sake kwaso wasu da ludayi, aka sa wa Fara. Ita Fara ta rantse ko wata biyu ne za ta zauna, don ta nuna wa Ja iyakarta. Sati uku suka cika, shiru, Fara ba ta motsa ba. Sai ga Fingi. Ta tsaya nesa-nesa tana toshe hanci da fiffike. Fara ta tambaye ta lafiya.

Fingi ta ce, "Lafiya lau, 'yata. Kin san dai baragurbi in ya gaji fashewa yake yi. Kina ganin gashin nan nawa, a da santsi gare shi kamar naki."

Fara ta dubi Fingi daga sama har ƙasa. Ta dubi farin gashinta. Ba a ƙara kwana ba ta tashi. Waɗannan ma suka lalace.

Yanzu damina ta ja baya, zabi sun kusa daina ƙwai, cikin Hansai kuwa ya tsufa. Tabawa ta kwaso na ƙarshe guda goma sha biyu, ta tsaya da ludayi a hannu ba ta san wa za ta sa wa ba. Sai ta ji gurnani a kusurwar akurki. Ta leƙa, ga Fingi kwance a kan gurbin da ba komai a ciki, ta kumbura kamar ƙwarya. Tabawa ta kai hannu, Fingi ta sare ta. Tabawa ta yi dariya ta ce tsohuwa ta ruɗe, tana kwanci a kan ƙasa. Hansai ta ce, "Inna, ki sa mata mana. Kafin in sauka ai tana da amfani."

Aka sa mata. Fingi ta baje a kai.

Ta zauna, ta zauna. Sau ɗaya take tashi a yini, ta kurɓi ruwa, ta tsinci tsaba biyu, ta komo da gudu. Zakara kullum yana kan katanga yana ba ta labarin cikin Hansai. Sati uku suka wuce, shiru. Ja da Fara suka zo tare suka ce sannu da fama, Gwaggo, yau kwana nawa. Fingi ta rufe ido kamar tana barci.

Amma fa gabanta ya fara faɗuwa. Da zabuwa ta zo wucewa sai ta kira ta a hankali, ta ce ƙawa, kin tabbata ashirin da takwas ne.

Zabuwa ta ce, "Haka na ce? To, ni ma ji na yi a bakin uwata. Ita ma ba ta taɓa zama har ƙarshe ba." Ta yi gaba tana ƙurƙet.

Ran kwana ashirin da biyar sai guɗa ta tashi a cikin gida. Hansai ta sauka, ta sami ɗa namiji. Ba a jima ba sai ga Malam Barau, mijin Tabawa, da wuƙa a hannu, Tabawa na biye da shi da ƙwaryar ruwan zafi. Suka tsaya bakin akurki. Fingi ta manne da ƙwai, ko numfashin kirki ba ta yi. Malam Barau ya ce shi dai bai taɓa ɗaga kaza daga kwanci ya yanka ba. Tabawa ta ce wane kwanci, baragurbi take gadi kamar 'yan uwanta. Ta zura hannu ƙarƙashin Fingi ta zaro ƙwai ɗaya, ta kara a kunne. Ta kasa kunne. Ta sake karawa. Sai ta ji wani ɗan motsi a ciki, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da tsinke. Ta mayar da shi a hankali.

To, mai jego dai sai ta sha romo. Suka dubi Ja, ta koma ƙwai. Suka dubi Fara, ita ma haka. Zabi kuwa tun da suka ga wuƙa suka haye kan ɗaki. Sai Zakara ya ga bai kamata a yi sha'ani ba a ji muryarsa ba, ya sauko daga katanga ya buga fiffike ya yi cara a tsakar gida. Malam Barau ya dubi Tabawa, Tabawa ta dubi Malam Barau. Da yamma Hansai ta ce ba ta taɓa shan romon zakara mai daɗin wannan ba.

Bayan kwana uku 'yan tsaki goma sha ɗaya suka fito, ƙanana masu zane a ka. Tabawa ta rantse wuƙa ba za ta taɓa Fingi ba muddin tana raye. Fingi ta fito tana taƙama, tana kira su biyo ta. Ai kuwa ba su biyo ta ba, ita ta bi su. Ta ce gabas, su yi yamma. Ta tona musu ƙasa, kafin ta ɗago kai sun kai bakin rafi. Haka take yini tana gudu da tsofaffin ƙafafu, har ta rame ta zama gashi da ƙashi. Da damina ta zagayo, tana hango Tabawa da ludayi sai ta shige bayan rumbu, amma aka zaƙulo ta aka sa mata ashirin.

Kun ji, dabara tana kuɓutar da wuya, amma aikin da ka ƙwace da wayo naka ne har abada, ba mai karɓar maka.

Ƙurunƙus kan ɗan zabo. Wanda ya kama shi da gudu, nasa ne.