Hayaƙin Barkono a Ɗakin Hatsi

Akwai wani magidanci da ɓera ya addaba. Ɓeran ya shiga ɗakin hatsinsa, ya huda buhun irin da zai shuka da damina. Mutumin kuwa mai saurin fushi ne, abu kaɗan sai ransa ya ɓaci.

Yana da wani barkono ƙarami, ja wur, wanda ko ɗaya aka jefa a miya sai mai ci ya jiƙe da gumi, hanci na zuba, leɓe na raɗaɗi har yamma. Ya ɗebo busasshensa cike da ƙwarya, ya zuba garwashi a kasko, ya kai ɗakin hatsin.

Matarsa ta ce, "Maigida, Baba fa yana kwance a ɗakin da ke jikin wannan, ka kuwa san ciwon ƙirjinsa. Bari in fito da shi inuwa tukuna."

Ya ce, "Da ɓera nake, ba da Baba ba. Matsa min."

Ya juye barkonon a wuta, ya ja ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya koma gindin bishiya yana jin ya yi maganin ɓarawo. Amma bangon da ya raba ɗakunan bai kai rufi ba. Hayaƙin ya tashi, ya tsallaka.

Tsohon mahaifinsa, wanda ƙafafu suka daina ɗauka, ya fara tari. Idanunsa suka cika da hawaye, maƙogwaro ya ɗauki wuta, ƙirji ya ƙi karɓar iska. Ya so ya kira ɗansa, murya ta ƙi fita. Da matar ta ji tarin, ta ruga ta jawo shi waje, ita ma tana shaƙewa. Kafin rana ta faɗi tsohon ya cika. Ɓeran kuwa tun shaƙar farko ya bi raminsa ya fice lafiya lau.

Ma'anar wannan misali ita ce: barkonon nan fushi ne, ɗakunan kuma zukatan mutanen gidanmu. Matar ita ce muryar Ubangiji mai cewa, "Dakata tukuna." Wani ya ɓata maka rai a kasuwa, ko ma a ƙofar majami'a, ka ɗauko zafin ka kawo gida kana cewa, "Ai ba da ku nake ba." Ɗan'uwa, hayaƙi ba ya tambayar da wa kake. Wanda ya yi maka laifin yana can yana cin tuwonsa. Masu shaƙa su ne tsohonka, da matarka, da yaranka, waɗanda ba su da inda za su gudu. Ka kashe wutar yau, tun suna numfashi.