Kunun Goggo Ladingo

To, ku matso kusa, muryata ba ta kai ta da ba. Kai Sallau, ajiye wayar nan, ko ka tashi ka ba mu wuri. Wannan labari ba na dariya ba ne, ni kaina in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

A Tudun Faru, garin manoman gyaɗa, an yi wata tsohuwa, Goggo Ladingo. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, duk sun girma. Babban, Haladu, manomi ne. Mai bi masa Kuluwa, tana aure a bayan kasuwa, tana kiwon agwagi. Auta kuwa Munkaila, yana aiki a cibiyar binciken amfanin gona, can ƙetaren kogi.

Kun san halinmu da gyaɗa. In an ɓare, sai a tsince ƙosassa a kai kasuwa, a bar motsattsa da mai baƙi-baƙi a cikinta a gida. A garin nan ita suke kai wa Goggo sadaka, kowane gida da ƙwaryarsa. Ita kuma ba ta ci ita kaɗai ba. Kullum da safe ta dama kunun gyaɗa tukunya guda, yaran unguwa su zo da kofunansu, ta zuba musu kyauta.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya ɗauke gyaɗa na tsakiyar 'ya'ya, sannan ya dawo ya same ta a tsibe a ƙasa bayan an cire. Ba wanda ya damu. Da damina ta zagayo, sai yara suka fara kwantawa. Ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, amai ba tsayawa. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Aka binne ɗaya. Ba a share makoki ba aka binne na biyu. Gari ya yi tsit, uwaye suka riƙa leƙa idon 'ya'yansu kowace safiya. Sai wata ta ce, "Wai ba ku lura ba, duk yaran nan masu shan kunun Ladingo ne?" Wayyo, baki! Kafin la'asar tsohuwa ta zama mayya.

Suka ja ta har gidan mara lafiya, suka ce ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. Ta tsallake tana kuka, tana cewa, "Ni da na yi muku goyo?" Yaro bai tashi ba. Washegari samari suka nufo gidanta da sanduna da galan na fetur.

Haladu yana gona aka gaya masa. Ya yar da fartanya ya sheƙo, ya riga su zuwa da ƙyar, ya tsaya a bakin zaure ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Wallahi sai dai ku bi ta kaina." Suka kuwa bi. Sanda ta sauka a hannunsa na dama, ƙashi ya ce ƙas, wata ta fasa masa goshi. Bai gusa ba. Jini na shiga masa ido yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, har da na iyayensu, har kunya ta kama wasu suka ja baya, dagaci ya iso. Nan a tsaye Haladu ya roƙi a ba su zuwa kasuwa mai zuwa. Ya ce in ba su kawo hujja ba, a kore su duka, a riƙe gonarsa. Dagaci ya yarda, amma ya ce in aka sake rasa yaro kafin nan, shi ba zai iya tare mutane ba. Haladu ya tare a zauren nan da karyayyen hannu, tsohuwa na ciki ko ƙofa ba ta leƙawa. Da ba don shi ba, da tun ranar an gama zance.

Kuluwa kuwa, dangin mijinta na cikin masu zargin, kuma ɗiyarta ita ma idonta ya fara sauyawa. Tana zaune cikin wannan tashin hankali sai ta tuna wani abu. Kwanan baya ta ɗebo dusar gyaɗar nan daga gidan uwarta ta zuba wa 'yan agwaginta, suka yi ta mutuwa, ta ɗauka sanyi ne. Sai ta raba waɗanda suka rage gida biyu, waɗannan ta ba su gyaɗar Goggo, waɗancan ta ba su tsakin gero. Masu cin gyaɗa suka fara faɗuwa, masu cin gero suna wasansu. Ta ce, "Innalillahi! Agwagwa ma kurwarta aka kama?" Ta ƙulle gyaɗar a bakin zane, za ta kai wa Munkaila. Mijinta ya ce in ta fita kada ta dawo. Ga kogi ya cika ya tafi da gada, masu fito ma sun ƙi shiga. Ta bar ɗiyarta a kwance, ta yi ta roƙon wani tsohon mai kwalekwale har ya ɗauke ta, ruwa na watso musu, ita tana salati tana riƙe da ƙullin a ka. Da ba ta lura da agwagin nan ba, babu mai duban gyaɗa har a gama binne yaran garin.

Munkaila ya karɓi ƙullin, ya niƙa, ya auna a ɗakin gwaji, sai ya gano abin da ke cikin gyaɗar. Wata funfuna ce da ke zaune a cikin ƙasar gona. In fari ya gajiyar da gyaɗa sai ta shige ta, in aka tsibe ta a jiƙe sai ta yaɗu, ta bar guba mai cin hanta, wadda tafasa ba ta kashewa. Abokan aikinsa suka ce ya aika da saƙo, kada ya shiga garin da ya haukace. Ya ƙi. Ya ɗauko abin gwaji, ɗan ƙarami kamar na zazzaɓi, ya haye kogin ranar kasuwa, ya tarar da jama'a sun taru ƙofar dagaci, an ce wani yaro na fitar rai. Ya fara da cewa a kwashi marasa lafiya zuwa asibiti yanzu, a gaya wa likita abin da suka ci. Wani ya ce, "Ɗan mayya ne zai koya mana?" Dutse ya wuce ta gefen kunnensa. Munkaila ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo ragowar gyaɗar kowane gida, a fara da naka." Aka kawo. Ta gidan dagaci ta nuna guba. Ta gidan liman ta nuna. Ta gidan uban yaron da aka fara binnewa ta nuna, mutumin ya zube ƙasa ya dafe kai, don da hannunsa ya kai wa Goggo ƙwarya biyu. Sandunan suka fara faɗuwa daga hannuwa. Da Munkaila bai zo ba, maganar agwagwa wa zai saurara?

Yaran da aka kai asibiti akasarinsu sun tashi, har da ɗiyar Kuluwa. Aka ƙone gyaɗar. Da shuka ta zo Munkaila ya kawo wata dawa shuɗiya mai ɗauke da funfuna marar guba, a watsa a gona ta kori muguwar, ya kuma hana su shanya a ƙasa. Hannun Haladu dai bai ƙara miƙewa daidai ba, auren Kuluwa kuma bai koma ba.

Mutanen gari suka zo ban haƙuri, Goggo ta ce ta yafe. Amma fa tsoro bai sake ta ba. Ko yaro ya buga ƙofa sai ta zabura ta shige ƙuryar ɗaki. Ta kife tukunyar kunun, ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta kira 'ya'yanta ta ce, "Ba zan iya zaman gidan nan ba. Wanda ya ba ni raina a cikinku, shi zan kai wa sauransa." Kowanne ya miƙa hannu zai ɗauki ƙullin, ita kuma ta rasa wanda za ta sakar wa.

To, ga ku nan, masu baki. Kai Sallau, da kai zan fara, kuma kada ka ce mini duka ukun, tsohuwa ba ta rabuwa uku. Wanda ya tare ƙofa da jikinsa, da wadda ta gano gyaɗa ta haye kogi, da wanda ya nuna wa gari gubar da idonsu: wa zai ɗauki ƙullin Goggo Ladingo?