Tiyar Irin da Muntaka Ya Bayar

Ku yi mini uzuri, wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Sunan ƙauyen ya tafi, shekarar ma ba na rantsuwa a kanta. Na dai san lokacin fari ne, ina yawon karatu a ƙasar Makoɗa.

Akwai wani manomi mai suna Muntaka. A shekarar ruwa ya sauka sau ɗaya, kowa ya yi shuka, sai ya ɗauke, shukar ta ƙone. Muntaka kaɗai ke da sauran irin gero a unguwarsu, ya gauraye shi da hodar maganin ƙwari da malaman gona suka raba.

Maƙwabcinsa Khalilu ba shi da iri, ba shi da na tuwo. Muntaka ya auna tiya guda ya miƙa gidan. Barira matar Khalilu, mai goyo, ta daka geron ta dama kunu, ta ba mijinta ya shanye duka don ya sami ƙarfin fita gona. Kafin la'asar ya rasu. Ni na yi masa salla.

A bakin kabari Iliyasu, wan mamacin, ya nuna Muntaka da yatsa.

"Kai ka kashe shi. Wa bai san bana mutane irinsu suke ci ba?"

"Haba Yaya Iliyasu, wallahi ban yi nufi ba."

"Kada ka sake ce mini yaya. Ka ajiye nufinka, ka faɗa wa igiyar rataya."

Aka kai magana babbar kotu a Kano. Alƙali ya tambayi Muntaka ko ya gaya wa mutanen gidan akwai magani a geron. Ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Alƙali ya ce doka ta raba kisa gida biyu. Wanda ya ƙulla niyya ya kashe, hukuncinsa kisa. Wanda rai ya salwanta a hannunsa da sakaci ko ganganci ba tare da niyya ba, shi ma mai laifi ne, amma nasa ɗauri ne gwargwadon sakacinsa. Ya ɗaure Muntaka shekara uku.

Iliyasu ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ran ƙanena shekara uku? Jakina ma ya fi haka daɗewa a turke!"

Aka fitar da shi.

Shekara ukun nan Iliyasu bai huta ba. Ya saki awakinsa a gonar Muntaka. Ya hana matar Muntaka ɗiban ruwa a rijiyarsu. Duk ranar kasuwa sai ya faɗa a rumfar mahauta: "Alƙali ya yi nasa, saura nawa."

Na taɓa ce masa, "Malam Iliyasu, hukuma ta hukunta, ka bar wa Allah sauran."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba kai ka ɗauki gawar ba."

Muntaka ya dawo ana gab da damina, ya rame. Kwanansa huɗu, ko biyar, ya fita sharar gona. Iliyasu ya tare shi a kan iyaka, ya sauke masa ƙotar fartanya a ƙeya. Sau ɗaya. Muntaka bai ƙara tashi ba.

A kotu Iliyasu ya ce, "Ban yi nufi ba. Tsoro kawai na so in ba shi. A ba ni shekara uku, kamar yadda aka ba shi."

Alƙali ya sa aka kira mahauta. Mutum shida suka maimaita abin da ya shekara uku yana faɗa a rumfarsu. Alƙali ya ce, "Shi Muntaka ba wanda ya taɓa jin ya ambaci ƙanenka da sharri. Kai kuwa niyyarka da bakinka ka yi shelarta."

Aka yanke masa hukuncin rataya. Wasu sun ce daga baya an mayar da shi ɗaurin rai da rai. Wannan yana cikin abin da ya kuɓuce mini.

Amma ga abin da na tabbatar. Bayan shekaru da yawa na haɗu da Barira a kasuwar Dawanau, ta tsufa, tana sayar da wake. Da bakinta ta gaya mini, tana kuka: ranar da Muntaka ya miƙo geron ta kan danga, sau biyu ya ce mata, "Akwai magani, na shuka ne, kada a ci." Ita ta wanke shi sau uku, ta ɗauka maganin ya fita. Muntaka ya yi shiru a kotu ne don kada a raba ta da jaririnta, ko Iliyasu ya juyo da fushinsa kanta.

Darasi: Kisan sakaci daban, kisan niyya daban, kowanne doka ta yi masa ma'auni. Wanda ya raina hukunci ya ɗauki fansa da hannunsa, bai san abin da ya ɓuya gare shi ba, kuma niyyarsa za ta tsaya shaida a kansa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana kwana da wani a zuciya.